Jawabin Zuri'ar Masu Fili a Ranar Aza Harsashin Masallacin Unguwa

 



Dattawan unguwa sun nemi gidanmu, watau zuri'ar da ta ba da wannan fili wakafi, da mu ce wani abu kafin a aza tubali na farko. Da muka yi shawara a tsakaninmu, sai muka ga babu abin da ya dace da ranar aza harsashi kamar mu waiwayi namu harsashin, mu faɗi inda muka fito da yadda aka yi muka zama mutanen Kumasi. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kakanmu na sama Ba'agale ne daga ƙasar Kano, kuma fataucin goro ne ya fito da shi. A wancan zamani fatake sukan taru su yi ayari a ƙarƙashin madugu, su ɗora wa jakuna kanwa da tufafin rini da jan fata, su ƙetare Kwara a wajen Yawuri, su ratsa Bargu ta Nikki da Zugu, su biyo ta Yandi har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito a kowane kogi. A Salaga sukan sayar da hajarsu, su sayi goron da aka kawo daga dazuzzukan Ashanti, su juya gida. Shi kakanmu, bayan ya yi zuwa da dawowa, sai ya kafa gida a Salaga ya zama mai masaukin baƙi.

A nan ya auri kakarmu. Ita kuwa Bagurunsa ce, an kamo ta tana yarinya a zamanin hare-haren Babatu, aka kawo ta kasuwar Salaga, daga baya aka 'yanta ta. Da gangan muka faɗi wannan a bainar jama'a, domin kowa ya sani Salaga ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba, har da bayi. Ita ce ta haifi dukanmu da muke zaune a nan gaba, kuma ba mu da wata uwa da ta fi ta.

Sa'an nan zamani ya juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Ashanti a kan Salaga ya kau, goro ya daina isowa kamar da. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi tsakanin masu sarautar ƙasar, kasuwa ta watse, baƙi suka bazu. Gidanmu ya bi masu zuwa Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, garin da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. A can Allah ya karɓi ran kakanmu. 'Ya'yansa ne suka gangaro Kumasi bayan da jirgin ƙasa ya iso a 1903, lokacin da goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Su suka samu wannan fili, suka ɗaure dabbobinsu a kansa.

Jama'a, wannan shi ne abin da ya rage a hannunmu. Yanzu ku ji abin da ya kuɓuce mana. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya tashi mutane kimanin dubu 80 daga mazaunansu, ya kuma shanye tsohon garin Kete, har da wurin da kakanmu yake kwance. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. A cikin ruɗanin kwanakin nan wani ɓangare na gidanmu ya kwashe ya nufi Nijeriya, alhali a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, amma babu takarda ko ɗaya da za su nuna. Da su aka tafi da gafakar da takardun ajamin gidan suke ciki. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, waɗansu daga cikinsu suka komo, gafakar ba ta komo ba. Gwaggonmu ce ta ƙarshe da ta riƙe sunan ƙauyen da kakanmu ya fito. Kullum muna cewa gobe za mu zauna da ita da alƙalami, har ranar da muka kai ta makwancinta. Laifin namu ne, kuma ba ma so wani gida a unguwar nan ya maimaita shi.

Don haka muna roƙon kwamitin ginin nan, idan Allah ya sa an gama, a keɓe wuri a ɗakin Liman a ajiye babban littafi na asalin gidajen unguwa. Kowane gida ya rubuta sunan wanda ya fara zuwa, da garinsa, da hanyar da ya biyo, da sana'arsa, da inda aka binne shi. A rubuta mata kamar yadda aka rubuta maza, gama sau da yawa sunan uwa ne yake fara ɓacewa. Wanda yake da tsohuwar wasiƙa ko takardar gado ko bangon littafi mai rubutun haihuwa, ya kawo a kwafa, ya koma da abinsa. Ku kuma samari, wayar da take aljihunku ta isa ta ɗauki muryar tsohon da yake gidanku, kada ku jira sai an yi sallah.

Sharaɗi ɗaya muke so a kiyaye, shi ne gaskiya. Wanda kakansa ya zo da malanta ya rubuta haka. Wanda nasa ya zo yana ɗan dako, ko makiyayi, ko sojan Turawa, ko bawa, shi ma ya rubuta haka, kada ya aro sarautar da ba tasa ba. Littafin na Bahaushe ne da Bazabarme da Bamoshe da Bafillace da Badagombe da duk wanda zai tsaya a sahun masallacin nan. Addininmu ya koya mana sanin dangantaka domin sada zumunci da raba gado bisa adalci, ya kuma hana alfahari da ita. Masallacin farko da Manzon Allah ya gina, watau na Ƙuba, a kan hanyar hijira ya gina shi. Cikin sahabbansa akwai Bilalu mutumin Habasha da Salmanu mutumin Farisa, dukansu sun ɗanɗani bauta, an san asalinsu, kuma bai rage musu daraja ba.

'Ya'yanmu 'yan Gana ne, da yawansu ba su taɓa ganin Kano ba. Muna so ranar da wani ya tambaye su ko su wane ne, su ba da amsa ba tare da kame-kame ba, su ce tun zamanin ayari kakanninsu suke wannan ƙasa. Muna so kuma in ɗayansu ya yi niyyar neman danginsa na Arewa ya san ƙofar da zai yi sallama, tun da zumunta a ƙafa take. Gidanmu zai sayi littafin, kuma mu za mu fara cika shafinmu, har da gurbin da muka bari ya zama fanko.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin ruwa. Allah ya karɓi wannan wakafi, ya sa ladansa ya isa gare su. Allah ya saka wa duk wanda ya kawo taimako, ko da bulo ɗaya ne, ya ba mu ikon ganin ranar da za a kira sallar farko a nan. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.