Filin balo ko rumfunan kasuwa?



Gardamarmu a kan fili take: ƴan kasuwa na son rumfuna, samari na son wurin buga balo. Ɗan kasuwa yana da hujja, domin rumfa tana ciyar da gida, tana kawo haraji. Amma mu tuna da Kara-Kara, inda fim ɗin Aicha Macky na 2021 ya nuna samari marasa aikin yi suna ɗaga ƙarfe cikin lunguna. Yaron da aka hana fili, titi zai karɓe shi. Shagonka kuwa, Alhaji, a bakin titin yake. Saboda haka ina roƙon hukumar gari: duk unguwar da za a yanka, a ware filin wasa a rubuce kafin a sayar da fuloti ko ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.