Wasan Ƙauye a Akwatin Rediyo: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi ne domin hakimai da malamansu na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, a kan wani al'amari da a kan raina, watau wasan kwaikwayon samarin ƙauye da yadda za a kai shi gidan rediyo.

Tun kafin zuwan rediyo Hausawa suna da wasanninsu. In azumi ya kwana 10 yara su kan fito tashe, su bi gida gida suna kwaikwayon gwauro da mai magani. Bayan an kau da amfanin gona samari su kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi zaman fada na wasa. Ko a gidan sarauta ma matan cikin gida su kan yi wasan gauta, wata ta yi shigar sarki, ta ɗauki tafiyarsa da irin maganarsa. Sarakunan da ba su hana ba, gama a nan su kan ji abin da bafade ba shi da bakin faɗa.

A 1944 aka fara sa akwatunan rediyo masu waya a birnin Kano, a 1962 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna. Wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jinsu kāna aka buga su littafi a 1959 da 1960. Amma duk wannan zancen birni ne. Mutumin Basirka, can kusa da iyakar Bauchi, ya daɗe yana dariyar wasan mutanen Kaduna da Kano, nasa kuwa ba kasafai ya kan wuce dandali ba. Bayan an yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991 aka sami gidan rediyon jiha a Dutse, daga baya ƙaramar tasha a Birnin Kudu. Yanzu nisa ya daina zama hujja.

To, mai gabatad da shiri a irin wannan tasha, aikinsa ya fi sa waƙoƙin fim da karanta gaishe-gaishe. Lalle ne ya taka ƙafa ya tafi inda 'yan wasa su ke, ya ɗauki muryarsu a garinsu, ko da da wayar hannu ce, a cikin zaure inda iska ba ta bugawa. In an ce sai sun zo tasha, kuɗin mota kaɗai ya isa ya kashe maganar. Sa'an nan ya tuna musu mai sauraro ba ya gani. Rawanin tsumma da gemun auduga, waɗanda su kan sa dandali ya kwashe da dariya, ba su da amfani a akwati. Sai a kira sunan kowa sa'ad da ya shigo, a ji sallama, a ji ƙarar kwano ko kukan jaki, muryoyi kuma kada su wuce huɗu ko biyar, don kada kunne ya rikice. Minti 15 ya isa. A sa shi bayan sallar lisha, lokacin da manomi ya dawo gida. Kada kuma ya gyara musu harshe ya mai da shi na birni. In akwai Bafulatani a wasan, a bar shi da maganarsa. Da an gama ya faɗi sunan ƙungiyar da garinta da ranar da za ta yi wasa a fili, domin wannan shi ne ladan da yawancinsu za su samu.

Kada a ce wasan yara ne. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitad da fim ɗin Turmin Danya a 1990, da wasan dandamali ta fara, ga kuwa inda sana'ar fim ta kai.

Sauran magana ta hakimi ce, ita ce kuwa mai wuya. A ce samari sun shirya wasa a kan rabon takin zamani, suka fito da wani mai unguwa wanda buhu ya kan ɓace a zaurensa. Ko kuwa a kan burtalin da aka nome, har aka yi rikici da makiyaya. Da, mutum 50 za su gani a dandali, gari ya waye a manta. Yanzu ƙasa duka za ta ji, har da Dutse. Ba shakka wani zai zo gaban hakimi da gudu ya ce da shi a ke. Hakimin da ya aika a kira samarin ya tsawata musu, wasan ba zai mutu ba, sai dai ya koma bayan gari inda shi ba zai ƙara ji ba. Abin da ya fi shi ne ya sa a bincika maganar takin. Akwai iyaka, ba a musu: kada a kama sunan mutum ko na gidansa, kada a taɓa addini ko asalin kowa, kada a mai da wasa kayan jam'iyya. Wannan kam mai gabatarwa ne zai tsare tun kafin ya sa a iska. Amma neman a kawo wa hakimi kowane wasa ya duba, ko a cika shi da kirari, wannan ya kan bar tasha da shirin da ba mai kunnawa.

Malaman hakimai kuwa ana roƙonsu su tambayi dagatai, su rubuta ƙungiyoyin wasan da ke ƙasarsu, da garin kowace da ranar kasuwarsa. A aika da takardar gidan rediyo tun watan Sha'aban bai ƙare ba, domin mai ɗaukar murya ya san inda zai nufa kafin yara su fito tashe.