Jawabi Ga Iyayen Ɗalibanmu Da Ke Ingila

Mu mazauna Fatakwal, Anacha da Inugu, wasunmu sun tura 'ya'ya karatu Ingila da guminsu. To, mu sani, bizar ɗalibi da zuwa aji tare suke tafiya. Yaro ya daina shiga aji, jami'a za ta cire shi ta sanar da hukuma, a soke biza. A 2012 gwamnati ta ƙwace wa Jami'ar London Metropolitan izinin ɗaukar baƙin ɗalibai, har da laifin rashin sa ido kan zuwa aji. Ɗalibai sama da 2,000 suka shiga tsaka mai wuya. Aikin neman kuɗi kuwa, awa 20 a mako aka yarje musu lokacin karatu. Saboda haka kada mu matsa musu da "a aiko mana". In mun yi waya, mu fara tambayar aji. Allah ya ba su sa'a.