Bashin Karatu Ba Tare da Mai Tsaya Maka Ba

Yau za mu duba yaron da ya samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, amma kuɗin rajista suka gagara, kuma babu wani babba da zai tsaya masa ya ci bashi.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bai wa ɗalibai lamuni. Sai dai dokar ta ce sai ɗalibi ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. To ɗan manomin shinkafa a Kebbe ina zai samo su? A watan Afrilun 2024 aka sake dokar, aka cire wannan sharaɗi, kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Abin da ake nema yanzu shi ne lambar JAMB da NIN da BVN da shaidar shiga makarantar gwamnati. Kuɗin karatu makarantar ake tura wa kai tsaye, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa. Ra'ayina shi ne, ɗalibin da ke cikin buƙata ya nemi wannan lamuni, ya kuma nisanci manhajojin bashi na waya. Su ma ba sa neman mai tsaya maka, amma ruwa suke ɗorawa mai nauyi, wa'adinsu gajere ne, kuma wasunsu kan aika wa 'yan'uwanka saƙon tozarci idan ka makara, abin da ya sa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta sha ɗaukar mataki a kansu.

Wani dattijo zai ce, Malam, bashi ai bashi ne, me zai sa yaro ya fara rayuwa da kaya a wuya? Maganarsa abin dubawa ce. Amma a auna da abin da ke faruwa idan ba a karɓa ba: a sayar da hatsi da kaka lokacin da ya fi araha, ko a jinginar da gona, ko yaron ya bar gurbinsa ya tafi cirani. Abin da malamai suka hana shi ne riba, rance kuwa halal ne idan da niyyar biya. Wani kuma zai ce, idan ya gama bai samu aiki ba fa? Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na albashi ake cira. Wanda bai samu abin yi ba yana iya neman ƙarin lokaci da takardar rantsuwa.

Akwai tsoron da ya fi waɗannan tushe. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar lamunin ɗalibai a 1972, kuma ƙin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita, domin da yawa sun ɗauke shi rabonsu na dukiyar gwamnati. Da aka cire mai tsaya maka, nauyin bai tafi ko'ina ba, kanka ya dawo. Abin da ka biya shi za a ranta wa ƙaninka, wanda ka danne kuma shi ka hana.

Saboda haka ɗalibai, ku cike fom da kanku a shafin NELFUND, kyauta ne, kada ku ba kowa lambar sirrinku ta banki. Iyaye kuma ku zauna da 'ya'yanku ku san nawa aka karɓa.