Gonar da Ta Fi Mai Ita Tsawon Rai

 

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, Allah ya gafarta malamai, iyayena da 'yan'uwana. An nemi in yi magana a kan rayuwa da mutuwa, kuma ko da yake Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rufe Ihya'u Ulumiddin da littafi sukutum a kan ambaton mutuwa, har ya zama kamar bai bar wa na baya abin faɗa ba, ni dai na ga ya fi dacewa mu ɗauko mas'alar daga wannan ƙasa da muke takawa.

Wanda duk ya bi hanya daga Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Dawakin Tofa ya nufi Bichi, zai ga gona dafe da gona, babu daji, babu saura, sai iyakar gamba tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Bature Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya tarar ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace damina, alhali a wasu wurare ba a yi wa gona shekaru kaɗan sai ta gaji a bar ta ta huta. Abin da ya riƙe tamu kuwa taki ne: kashin awakin da aka ɗaure a turke duk damina, tokar murhu, sharar tsakar gida, da mangalar jakunan da a da suke fitowa daga birni da rani.

To, ina waɗanda suka zuba takin nan? Suna makwancinsu a bayan gari. Mutanen da suka tsallake yunwar 1914, da waɗanda suka sha farin 1973 ba su yi ƙaura ba, su ne suka bar mana ƙasa mai rai, da ɗorawar da muke yin daddawa da kalwarta, ta yadda duk damin geron da ya shiga rumbu bana akwai gumin mamaci a cikinsa.

Ku dubi yadda mutuwa ke zuwa mana da damina. A yi rasuwa da hantsi, maƙwabta su jingine fartanya su ɗauko diga, a yi wanka, a sa likkafani, a yi kabbara huɗu babu ruku'u babu sujada, a jera itace, a kwaɓa laka a toshe kafofi, kafin azahar an dawo da makara babu kowa. Bayan sadakar uku 'ya'yansa sun koma maimai, domin ciyawa ba ta san zaman makoki ba. Baƙo zai iya ɗaukar wannan a matsayin ƙeƙashewar zuciya. Ni kuwa ina ganinsa cikar fahimta, don sun san mahaifinsu ya tafi ya bar shuka a tsaye, haƙƙinta kuma ya koma wuyansu.

A nan ne na saɓa wa masu fassara zuhudu da naɗe hannu, masu cewa tunda za a mutu, wahalar me za a sha. Da kakanninmu sun yi wannan fahimta, da yau rairayi muka gada. Tuna mutuwa yana cire wa mutum ruɗin mallaka ne kawai, ya nuna masa cewa gonar da yake kira tasa amana ce, ta riga shi, za ta kuma wuce shi.

Shari'a ma a kan haka ta tsara tarika: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan magada su raba. Abin da ke damuna a yau shi ne, gonaki suna ta ƙanƙancewa da kowane rabon gado, magada suna gaggawar sayarwa a yanka filaye tun matar mamaci ba ta fita takaba ba, a wasu gidajen kuma a danne rabon 'ya'ya mata da sunan kada gandu ya watse. Ina roƙon dagatai da limamai da ke nan su riƙa tsayawa a kan rabon nan da kansu, a auna a gaban shaidu, a rubuta, a ba kowace mace haƙƙinta a hannunta.