Kwancin Agwagwa Mako Biyar Ne

Yau maganarmu a kan agwagwa ce, da yadda za ta ƙyanƙyashe ƙwanta lafiya.

Kaza tana kwanci kwana 21. Agwagwar gida, mai jan fuska, ba haka take ba. Ita sai ta yi kwana 35, wato mako biyar cur. Waɗansu ba su san wannan ba. In mako uku ya wuce ba su ga 'ya'ya ba, sai su ce baragurbi ne, su zubar. Alhali kuwa 'ya'ya na ciki da ransu. Wannan hasara ce babba.

To, ga amfanin karatu. Ran da agwagwa ta fara kwanci, ɗauki fensir ka rubuta. In ta fara ran 1 ga Yuni, ka sa ido wajen 6 ga Yuli.

Toro ɗaya ya ishi agwagi biyar. Kowace ka bar mata ƙwai 12. Yi mata gurbi cikin akurki, inda gafiya ba ta shiga. Ajiye ruwa a kasko kusa da ita. In ta yi wanka ta koma, laimar gashinta tana taimakon ƙwan.

In 'ya'ya sun fito, ba su tsaki da dusa da gara. Kada ka ba su hatsi mai fumfuna, yana kashe su. Kada ka sake su kududdufi sai sun yi gashi, gama shirwa tana jiransu a hanya.

Ku rubuta, ku ƙidaya, ku yi haƙuri. Allah ya sa albarka.