Jikan da Bai Riski Jana'iza Ba

A Garwa idan kaka ta rasu da asuba, kafin azahar an kai ta makwancinta. Jikan da ta goya kuwa yana Yawunde. Sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, ya hau mota, ya iso ya tarar da tabarmin zaman makoki. Don Allah kada a yi masa gorin latti. Ku raka shi kabarin, ku bar shi ya shiga ɗakinta, ya taɓa carbinta, ya yi kukansa.

Nisa da kabarin naka ciwo ne. Tsohon shugaban ƙasa Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya rasu a Dakar a 1989, har yau can yake kwance, danginsa na ta roƙon a dawo da shi gida.